Kwamfutar da ta yi shiru, kada a yi saurin yi mata wanki

Jawabin da malamin makarantar firamare ya yi gaban taron ƙungiya na rani, a Bader Gula



Maigari da dattawan gari, malamai, iyayenmu maza da mata, shugaban ƙungiya da ƴan biro, yayyena da ƙannena da kunka dawo daga bida, ina gaishe ku gaba ɗaya. Sannunku da zuwa, sannunku da zama. Ku kuma da ke nesa, a Maraɗi, Yamai, Agadas, Arlit, Kano, Legas, Tamanrasat ko Sabha, waɗanda takardar ga za ta iske, muna gaishe ku, gida lafiya lau.

Shugabanni sun ba ni izini in yi magana bisa wani abu da wani za shi ga ƙarami ne in an gwada shi da zancen hatsi ko na rijiya. Ku yi mini haƙuri ku saurara har ƙarshe, za ku ga inda ya shafi kowa.

Shekarun nan, kusan duk rani sai mun ga wani ya sauko daga mota da kwamfuta cikin jaka, wadda mu nan munka fi sani da ordinatar. Galibinsu na hannu ne. Sun yi aiki a wani ofis ko wata makaranta shekara goma ko fiye kafin su iso gare mu: HP, Dell, Lenovo, Toshiba da makamantansu. Kukan da ake kawowa kuwa kusan ɗaya ne: an kunna ta kama, hoto ya fito, amma murya babu.

Ga mai karatun boko, kwamfuta marar murya tana da sauran amfani. Ga iyayenmu kuwa, murya ita ce duk amfaninta. Cikinta anka zuba karatun Alƙur'ani da tafsirin azumi. Cikinta ake jin Shata da Ɗan Anace da Ɗan Gurmu. Cikinta ne ƙane ke tara saƙonnin muryar da wa ya aiko ma tsohuwa daga Libiya, don memorin salula ya cika. Wani ma ya ɗauki muryar kakanshi tana faɗin asalin gidansu, yau ta riga mu gidan gaskiya, muryar nan kaɗai ta rage.

To, in ta yi shiru mi muke yi? Sai a ba direba ita shi kai Dakoro ko Maraɗi. In Allah ya sa an dace da mai gyara mai natsuwa, madalla. In an faɗa hannun mai gaggawa, sai shi yi mata wanki, abin da suke kira formate, wato shi shafe komi shi sake zuba Windows. Ta dawo fes, amma karatu da saƙonni da muryar kaka duk sun tafi. Wani lokaci ma ta dawo ba muryar da anka kai ta dominta, ga kuɗin mota ga na gyara.

Saboda haka abin da nike so ku tafi da shi gida ɗaya ne. Shirun tsofuwar kwamfuta, sau da yawa, ba ƙarfenta ne ya ɓaci ba. Waya ce ta shiga ramin da ba nata ba, ko wani saiti ne ya goce. A bi abin daki-daki, daga waje zuwa ciki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Kuma ko mi ke nan, kada a yi mata wanki sai an kwashe abin da ke ciki.

HANYAR DA MURYA KE BI

Kowa nan ya san aikin rijiya mai zurfi. In ruwa bai iso kwami ba, mai hankali ba shi cewa rijiya ta ƙafe. Shina duba wasaki ko ya huje, shi duba igiya ko ta tsinke, shi duba san da ke ja ko ya tsaya. Hakanan murya take, zango-zango take bi kafin ta iso kunne.

Zango na farko shi ne karatun ko waƙar da ke ajiye ciki. Na biyu, manhajar da ke buɗe shi. Na ukku, Windows, wanda ke rarraba aiki. Na huɗu, wata ƴar manhaja da Faransanci ke kira «pilote». Na biyar, katin sauti, wato «carte son». Na ƙarshe, waya da lasifika. In zango ɗaya ya toshe, shiru ne, ko da sauran duka lafiya suke.

Mine ne katin sauti? Kwamfuta ba ta ajiye murya kamar yadda kaset ke yi. Lambobi take ajiyewa. A faifan CD, ana auna muryar sau 44,100 cikin daƙiƙa ɗaya tak, a rubuta kowane awo da lamba. Aikin katin sauti shi ne shi mai da lambobin nan wutar lantarki ƴar kaɗan, ita kuma ta girgiza fatar lasifika kamar yadda makaɗi ke girgiza fatar ganga. Da can kwamfutoci ƙara ɗaya sunka iya, irin ta tsiwa. A 1989 wani kamfanin Singafo mai suna Creative ya fito da katin da ake kira Sound Blaster, wanda ake sokawa cikin inji, ya kuma bazu duniya. Daga baya kamfanin Intel na Amurka ya fito da tsarin AC'97 a 1997, sannan wani sabo mai suna HD Audio a 2004. Tun lokacin, a mafi yawan injuna katin ya koma ɗan ƙaramin abu kamar farce, manne bisa babban allon ciki. Sunan kati ne kawai ya bi shi. Don haka kada yaro shi ɗauki sukurdireba shi buɗe inji wai shina neman kati. Duk abin da za mu yi yau, ba sai an kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Sunayen da zan ambata na Windows ɗin Faransanci ne, don shi munka fi samu. In taku daga Najeriya ta fito da Ingilishi, ko daga Libiya da Larabci, wuraren ɗaya ne, hotunan ma ɗaya ne, sai a bi hoto.

NA FARKO, WAYA DA RAMI

A bayan kwamfutar tebur akwai ƙananan ramuka ukku masu launi. Tun 1999 masu ƙera injuna sunka daidaita bisa launukan nan. Kore na lasifika ne. Mai ruwan hoda na makirfo ne, wato abin magana. Shuɗi na shigo da murya ne daga rediyo ko wani abu. Duk girmansu ɗaya, shi ya sa waya ke shiga kowane ba gardama, musamman in da dare anka soka da hasken tocila. A duba, kore ake so. A ta hannu kuwa, hoto ke bakin ramin: ɗaya na abin sa ma kunne, ɗaya na makirfo.

Ga gwaji mai sauƙi wanda ba shi cin ko dala. Ku ɗauki wayar kunne ta salula, wadda kunka tabbata tana aiki, ku soka a koren rami. In kun ji murya, to katin lafiya lau shike, laifin na lasifika ne ko wayarta. Ku kuma juya gwajin: ku haɗa lasifikar da salula. In nan ma shiru, an kama ɓarawo.

Ku tuna abu ukku. Da yawa daga kwamfutocin tebur ba su da lasifika cikinsu, sai an haɗa masu. Lasifikar kuma tana son wutarta daban, ta USB ko ta soket. In ƴar fitilarta ba ta kama ba, ba ta magana. Lasifikar da anka cire daga tsofuwar rediyo anka ɗaura ma waya kai tsaye, ko ta yi magana sai an kanga kunne, don wutar da kati ke fitarwa ba ta isa ta motsa ta da ƙarfi ba. Na ukku, ramukan gaban akwati sau da yawa ba a haɗa su daga ciki ba, ko an haɗa ba daidai ba. A gwada na baya tukuna.

Sai ƙurar hunturu. Cikin ramin kunne na kwamfutar hannu akwai wata dabara da ke gane an soka waya, sai ta kashe lasifikar jikin inji. In ƙura ta cika ramin, inji shina iya ɗauka har yanzu da waya ciki, alhali babu. Alamar ita ce ana ji ta wayar kunne, in an zare sai shiru. A kashe inji, a soka kan waya a zare sau da yawa a hankali, a hura. Ban da allura, ban da ruwa, ban da mai.

NA BIYU, ƘOFOFIN ƘARA

Ƙarar murya ba wuri ɗaya ake rage ta ba. Kamar gida ne mai zaure da ƙofofi, in ɗaya na kulle baƙo ba shi shiga. Akwai maɓallin jikin lasifika. Akwai na jikin kwamfutar hannu, wanda ake danna shi tare da Fn, mai hoton lasifika da anka soke. Yara na taɓa shi ba su sani ba. Wasu tsofaffin Toshiba ma ƴar ƙaramar taya gare su a gefe, da ake murzawa.

Sannan a ƙasan allo, kusa da agogo, akwai ɗan hoton lasifika. A kai kusu bisanshi a danna. In akwai jan da'ira kusa da shi, an toshe bakin ne, a danna a buɗe, a ja sandar sama. A Windows 7, ƙarƙashin sandar akwai kalmar «Mélangeur». A shiga nan, don kowace manhaja tana da sandarta daban, ana iya samun babbar na sama, ta mai buɗe waƙa na ƙasa. A Windows XP, a danna hoton sau biyu, a cire alama daga duk akwatin da anka rubuta «Muet», a kuma ɗaga sandar «Sons wave». Ƙofa ta ƙarshe tana cikin manhajar da ke buɗe karatun ita kanta.

NA UKKU, INA AKE TURA MURYAR

Wanga shi ya fi kama samarinmu. An haɗa kwamfuta da talabijin ta wayar HDMI an kalli ƙwallo ko fim, ko an haɗa ta da wata lasifika ta Bluetooth. Windows ya riƙe cewa can ake son murya ta tafi, wani lokaci ko an raba su bai dawo da ita ba. Kamar wasiƙa ce da ake ta aikawa tsofon adireshi.

A shiga «Panneau de configuration», a nemi «Son». A shafin «Lecture» za a ga jerin wuraren da murya ke iya fita. A zaɓi «Haut-parleurs», a danna «Par défaut», sai koriyar alama ta hau kanshi. In ba a gan shi cikin jerin ba, a danna hannun dama na kusu a fili, a zaɓi «Afficher les périphériques désactivés». In ya bayyana dushe-dushe, a danna dama bisanshi a ce «Activer». Daga nan a sake danna dama a ce «Tester». In kun ji ƴar ƙararrawa hagu da dama, an gama. A XP, wurin sunanshi «Sons et périphériques audio», shafin «Audio».

NA HUƊU, TAFINTA

In hoton lasifikar da ke kusa da agogo na ɗauke da jan kuros, kuma in an kai kusu sai a ga «Aucun périphérique de sortie audio n'est installé», to mun iso ga pilote. Ni tafinta nike ce mashi. Dattawa sun san zamanin da ba a magana da kumandan sai ta bakin tafinta. Windows da katin sauti ba su jin harshen juna; in tafinta ba shi nan, ko an kawo wanda bai iya harshen ba, kowa sai shi yi shiru. Wannan shi ne abin da ke faruwa bayan wanki: an zuba sabon Windows, an manta da tafinta.

A buɗe «Gestionnaire de périphériques». A duba layin «Contrôleurs audio, vidéo et jeu». In komi lafiya, za a ga suna irin su Realtek, Conexant, IDT ko SoundMAX, ba wata alama. In akwai alamar rawaya, ko an ga wani abu marar suna ƙarƙashin «Autres périphériques», tafinta ne babu. In ƴar kibiya ce mai kallon ƙasa, ko jan kuros a XP, kashe shi anka yi, a danna dama a ce «Activer».

Kowane kati da tafintanshi, kuma na XP daban, na Windows 7 daban, na Windows 10 daban. Kada a zuba wanda anka samu kawai. Ga yadda za a yi tunda intanet ɗinmu ba ƙarfi. A juya inji a rubuta sunanshi da lambarshi cikakku, kamar yadda suke bisa takardar da ke manne. A rubuta irin Windows ɗin da ke ciki, da ko 32 bits ne ko 64. In ana son tabbaci, a danna dama bisa abin mai alamar rawaya, a shiga «Propriétés», sannan «Détails», a nemi lambobin shaidar ƙarfen. Za a ga VEN da wasu haruffa huɗu. In katin na tsarin HD Audio ne, 10EC na nufin Realtek, 14F1 Conexant, 11D4 kuwa kamfanin da ke yin SoundMAX. A aika ma ɗan'uwa da ke Maraɗi ko Yamai, shi sauko da pilote ɗin daga shafin kamfanin da ya ƙera injin, ba daga ko'ina ba, shi aiko cikin kile USB ko memori. Kyauta ne. In ya iso an zuba, a kashe inji a sake kunnawa, a kuma ajiye kwafi don gaba.

NA BIYAR, WURARE BIYU NA MASU SANI

In cikin jerin nan ba a ga katin ba sam, ko da alamar rawaya, wataƙila an kashe shi tun daga BIOS, wato shafin da ake shiga da F2, F10 ko Suppr lokacin da inji ke tashi. Wasu ofisoshi na kashe shi da gangan. Akwai kuma wani ma'aikaci cikin Windows mai suna «Audio Windows», cikin jerin «Services», wanda in ya tsaya murya ta tsaya. Waɗanga biyu ina roƙo a bar ma wanda ya saba. Wanda bai sani ba in ya shiga BIOS ya taɓa abin da ba shi ba, inji na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

NA SHIDDA, IN WANI ABU NA FITA WANI BA SHI FITA

Wani za shi ce waƙoƙi na yi, amma saƙon da anka kwaso daga salula ya ƙi buɗuwa. Nan kati ba shi da laifi. Saƙon murya na WhatsApp irin da ake kira opus ne, ƙananan saluloli kuwa da yawa amr suke ɗauka, tsofon Windows Media Player bai san su ba. Maganin shi ne VLC, mai hoton mazugi irin na masu aikin hanya. Ɗaliban wata babbar makarantar injiniyoyi ta Faransa sunka fara shi a 1996, anka sake shi kyauta ga kowa a 2001. Shina buɗe kusan kowane iri, kuma VLC 3 na aiki har bisa XP mai SP3.

IN MURYA NA FITA AMMA BA DAƊI

In tana kakkatsewa, ko tana ƙarar soya, ko kamar mai magana cikin tulu, a koma «Son», a zaɓi «Haut-parleurs», a shiga «Propriétés». A shafin «Améliorations», in akwai shi, a kashe duk ƙawar da anka ƙara. A shafi na ƙarshe a zaɓi «16 bits, 44100 Hz (Qualité CD)». Tsofon inji ya fi jin daɗin wannan, kuma kunnenmu ba shi rasa komi. A rufe sauran manhajojin da ke buɗe, don jaki in an yi mashi lodi fiye da ƙarfinshi tuntuɓe shike yi. Zafi ma na sa inji shi rage gudu, kada a ɗora shi bisa katifa ko tabarma mai ƙura inda iska ba ta shiga.

In kuwa wani gunji ne ke biye da murya ba tsayawa, a zare caja a bar inji bisa batirinshi. In gunjin ya ɓace, daga wuta ne: ƙaramin kombatisar da ke mai da wutar batirin sola irin ta gida, ko janareta, ko cajar da ba ta kirki ba. Sai a yi caji tukuna, a saurara daga baya, ko a nisanta wayar lasifika da wayoyin wuta.

IN KATIN YA MUTU DA GASKE

Hakan na faruwa. Ramin na iya karyewa, katin na iya ƙonewa. Ko nan ba a jefar da inji. Akwai ɗan katin sauti na USB, girman babban yatsa, mai rami kore da mai ruwan hoda, ana samun shi wurin masu sayar da kayan kwamfuta a birni. Irin na yau da kullum ba shi bukatar a nemo mashi tafinta, daga XP zuwa sama Windows na gane shi da kanshi. A soka, a koma mataki na ukku a zaɓe shi, shi ke nan. Kuɗinshi bai kusa da na wata kwamfuta ba.

IN DOLE SAI AN KAI GYARA

Ba na ce kada a je wurin masu gyara ba, akwai na ƙwarai cikinsu. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin inji shi bar gida, a kwashe karatu da saƙonni da hotuna cikin memori ko kile, in da hali wuri biyu, ɗaya shi zauna hannun wani daban. A gaya ma mai gyara da baki, gaban shaida, kada shi yi wanki sai ya tambaya. A faɗa mashi abin da anka riga anka gwada. In ya gama, shi kunna murya a ji kafin a biya, shi kuma ba da kwafin pilote ɗin.

Ku sani kuma, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP ranar 8 ga Afrilu 2014, da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma wa'adinshi na kowa da kowa ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Ba wai injin ya daina aiki ba ne. Don sauraron karatu da ajiyar murya shina nan daram. Amma tsaronshi ya yi rauni, kada a riƙa yawo da shi cikin intanet ko soka mashi memorin kowa da kowa.

SHUƊIN RAMI DA KASET ƊIN IYAYENMU

Na bar shuɗin rami ƙarshe da gangan, don nan zancen ya koma ga dattawa. Kafin salula, da yawa cikinku kaset kuke aikowa gida daga bida, a taru a saurara, a ɗauki amsa a mayar. Kamfanin Philips ya fito da kaset tun 1963. Waɗanda ke cikin adakokinmu yau sun kwana biyu, zafi da ƙura na cin zarensu, rediyoyin da ke juya su kuma na ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Tsofuwar kwamfutar tebur da ake renawa tana da abin da sababbi da yawa ba su da shi, wato shuɗin ramin nan. Da waya mai kai biyu iri ɗaya, a haɗa ramin kunne na rediyo da shuɗin rami. A «Son», shafin «Enregistrement», a zaɓi «Entrée ligne». A ɗauka da manhajar Audacity, ita ma kyauta ce. A fara da ƙarar rediyo ƙasa-ƙasa, a ƙara a hankali, don in ta yi yawa murya fashewa take. Kaset C60 minti 30 ne kowane gefe, C90 minti 45, kuma dole a zauna a jira shi har shi ƙare. In an ajiye da cikakken nauyi irin na CD, minti ɗaya na cin wajen mega 10. In an matse shi MP3 na 128, wajen mega 1 ne, wato kaset C60 guda wajen mega 60. Ƙaramin memori ɗaya na ɗaukar kaset ɗin zuri'a guda.

Wanga aiki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun 1962 anka kafa ƙungiyar Radiyo-Kulob ta Nijar, inda masu jagora, da yawansu malaman makaranta, ke yawo da rakoda suna ɗaukar maganar mutanen karkara ana sa wa a rediyo. A Yamai kuma akwai cibiyar CELHTO, wadda asalinta ya faro a 1968, aikinta tattara tarihin baka na Afirka. In manyan masana sun ga muryar tsofo ta isa a gina mata gida, mu da muke ɗiyanshi bai kamata mu bar ta ta salwanta don waya ta shiga ramin da ba nata ba.

ABIN DA NIKE ROƘON ƘUNGIYA

Na ɗaya, a zaɓi yara biyu ko ukku masu natsuwa, mace cikinsu, daga waɗanda sunka kai kwaleji, a koya masu matakan nan. Ni a shirye nike ranar da ba lakwal. Kowace kwamfuta ta bi ta hannunsu kafin ta hau mota.

Na biyu, ƙungiya ta sayi katin USB ɗaya, da wayar kunne ɗaya, da waya mai kai biyu, da kile guda mai ɗauke da VLC da Audacity da pilotocin injunan da ke garin. A ajiye su hannun ma'aji, a rubuta wanda ya ara.

Na ukku, ku da ke bida, in za ku sayi ta hannu, ku sa mai ita shi kunna murya gabanku, ta lasifikar jiki da ta wayar kunne duka, ku kuma karɓi cajarta ta asali. Iyayenmu kuma, duk mai kaset na muryar wani nashi, shi fiddo shi tun zaren bai manne ba. Ba za a ɗauki na kowa ba sai da yardarshi, kuma abin da ke sirrin gida gidan za shi koma, ba a raba ma kowa.

Nan zan tsaya. Wanda ke da tambaya shi yi, matambayi ba shi ɓata.  Allah shi jiƙan magabatanmu, shi tsare matafiyanmu shi maido su lafiya, shi ba mu damina mai albarka.